Yadda Ake Auna Girman Mai Binciken Ciwon Daji

Ka ce kana so ka san yadda ake gane babban mai binciken ciwon daji, alhali ba ka taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, ba ka kuma iya bambance ƙari mai illa da marar illa ba. Kwantar da hankalinka, malam. Akwai hanya, kuma da ita jami'o'i da hukumomin ba da kuɗin bincike suke aiki a ƙasashe da dama. Kayan aikin uku ne: waya ko kwamfuta, intanet, da lissafin firamare har zuwa rabawa. Sanin ciwon daji ba ya cikin sharuɗɗa, ganin majiyyaci ma haka. Ka biyo ni a hankali, za mu bi abin daki-daki.

Mu fara da abin da ake ƙirgawa. Idan mai bincike ya kammala aiki, yakan rubuta maƙala ya aika wa mujallar masana. Editan ya miƙa wa mutum biyu ko uku su tantance, in sun amince a buga. A ƙarshen kowace maƙala akwai jerin maƙalun da marubucin ya ce a kansu ya dogara. Duk lokacin da maƙalar mutum ta fito a cikin jerin wani, ya samu ambato ɗaya. Ambaton nan shi ne ma'aunin. Riƙe wannan da kyau, don duk abin da zai biyo baya a kansa aka gina.

Wanda ya fara tattara ambato a tsare shi ne Eugene Garfield, mutumin Amurka. Ya kawo shawarar a mujallar Science a 1955, ya kuma fitar da kundinsa a 1964 daga cibiyarsa da ke Filadelfiya. Manufarsa ta farko ita ce mai karatu ya iya bin sawun maƙala, ya ga waɗanda suka zo bayanta, ya san ko an ƙaryata ta kafin ya jingina da ita. Daga baya masu gudanar da jami'o'i suka lura cewa abin da ke cikin kundin yana ƙirguwa, kuma ƙirga ya fi karatu sauri. Yau manyan rumbunan ƙirgar uku ne: Web of Science, Scopus da Google Scholar. Kowanne zai ba ka lamba daban a kan mutum ɗaya. Ta Google Scholar ce galibi ta fi yawa, don haka ita ka fi gani a takardun neman aiki.

Ƙa'ida ta farko: ambato ɗaya ɗaya ne. Wanda ya ambace ka don ya ce aikinka ya buɗe masa ido ya ba ka ɗaya. Wanda ya ambace ka don ya nuna cewa lissafinka kuskure ne daga farko har ƙarshe, shi ma ya ba ka ɗaya. Kamar ƙirga takalma ne a ƙofar zaure: wanda ya zo barka da wanda ya zo bin bashi, kowa ya bar nasa a waje, mai ƙirga kuma ba ya shiga ciki. Idan mutum ya ambaci kansa, wannan ma ɗaya ne, sai in ka latsa wurin da ke cire irinsa, a rumbun da ke da wurin.

Za ka tambaya ko wajibi ne mai ambato ya karanta abin da ya ambata. Ba wajibi ba ne, an ma auna hakan. Wasu masana biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, Mikhail Simkin da Vwani Roychowdhury, sun bi diddigin kurakuran bugu a jerin ambato. Suka ga idan mutum ɗaya ya rubuta lambar shafi ba daidai ba, kuskuren nan nasa yakan sake fitowa harafi da harafi a maƙalun mutane da yawa, alamar daga jerinsa suka kwafa, ba su buɗe asalin ba. Daga nan suka ƙiyasta cewa kusan kashi 20 cikin ɗari na masu ambato ne suke karanta maƙalar. Ambaton ragowar kashi 80 yana nan a lissafi da cikakken nauyinsa.

Yanzu ka san ambato, sai mu haɗa shi ya zama lamba ɗaya da za a rataya wa mutum. Ana kiranta lambar h. Jorge Hirsch ne ya ƙirƙiro ta a 2005, masanin fizis a San Diyego. Ga yadda ake fitar da ita. Ka jera maƙalun mutum, wadda ta fi ambato a sama, ka riƙa sauka kana ƙirga matsayi: ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Inda lambar matsayi ta wuce yawan ambaton maƙalar da ke wurin, ka tsaya, ka koma baya taki ɗaya. Mai lambar h 20 yana da maƙala 20 waɗanda kowacce ta samu ambato 20 ko fiye.

Mu gwada. Ga wata malama da ta yi shekara goma sha biyar a kan tambaya ɗaya, ta buga maƙala ɗaya tak, maƙalar ta zama tushen maganin da ake ba mutane a asibitoci, aka ambace ta sau dubu goma. Lambarta 1. Ga wani malami da ya buga maƙala 20, kowacce da ambato 20, jimilla 400. Lambarsa 20. Ka sake lissafin in kana shakka, haka zai fito. Da malamar ta yayyanka aikinta gida ashirin, ta buga kowane yanki daban, da ta kamo shi cikin sauƙi. Masu sana'ar sun san wannan, shi ya sa suke maganar yanki mafi ƙanƙanta da mujalla za ta yarda ta buga. John Ioannidis da abokan aikinsa sun ƙirga a 2018, suka samu sama da mutum 9,000 da suka taɓa buga maƙala fiye da 72 a shekara guda, wato ɗaya duk kwana biyar.

Lambar h ba ta raguwa da tsufan mutum. Idan ya daina aiki tana nan, idan ya rasu ma takan ci gaba da hawa.

Sai batun yawan marubuta. Ba a raba ambato kamar gado. Idan mutum goma suka sa sunansu a maƙala, aka ambace ta sau ɗari, kowannensu ya samu ɗari cif. A 2020 mujallar Nature ta buga sakamakon wani babban aiki da ya karanta cikakken tsarin gadon ƙari 2,658, wanda masana da likitoci sama da 1,300 suka yi tare. Aiki ne na gaske, mai amfani. Ta fuskar lissafinmu kuwa, abin lura shi ne ambato ɗaya yana iya haihuwar ɗaruruwa ba tare da an ƙara rubuta komai ba. A fannin likitanci akwai al'adar jeri: sunan farko na wanda ya kwana a ɗakin gwaji ne, na ƙarshe na mai ɗakin ne, na tsakiya kuwa sun haɗa da wanda ya yi wata shida yana aiki da wanda ya ba da aron na'ura. Lambar h ba ta duba jeri.

Majiyyatan da aka yanki ƙarinsu fa? Wurinsu shi ne sashen godiya, layi ɗaya ko biyu kafin jerin ambato, kuma manyan rumbunan ba sa mayar da godiya lamba. Ka san labarin Henrietta Lacks, ko ka ji shi yanzu. Baƙar fata ce 'yar Amurka, uwar 'ya'ya biyar, ta je asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo a 1951 da sankarar bakin mahaifa. Aka yanki ƙarin ba tare da an sanar da ita za a yi bincike da shi ba. Ta rasu a watan Oktoba na shekarar tana da shekara 31. Ƙwayoyin jikinta kuwa suka ci gaba da rayuwa suna hayayyafa a cikin kwalba, su ne ƙwayoyin ɗan Adam na farko da suka yi haka ba iyaka, ana kiransu HeLa. Hukumar binciken lafiya ta Amurka ta ƙirga maƙala sama da 110,000 da suka yi aiki da su tsakanin 1953 da 2018. Iyalinta sun yi fiye da shekara ashirin ba su sani ba. Idan ka bi matakan da na koya maka, lambar h ta Henrietta Lacks sifili ce.

Mun auna mutum, saura mujalla, don kwamitin ƙarin girma yakan fara duba inda aka buga kafin abin da aka buga. Ita ma tana da lamba, lambar tasiri, wadda kamfanin Clarivate ke fitarwa duk shekara. Lissafinta rabawa ce. Ka ɗauki ambaton da aka yi a 2020 ga abin da mujallar ta buga a 2018 da 2019, ka raba da yawan maƙalun waɗannan shekaru biyu. Abin da ya fito shi ne lambar tasirinta ta 2020. Har zuwa 2022 ana rubuta ta da lambobi uku bayan ɗigo.

A wannan shekara ta 2020, lambar Nature ta kusan 50, ta New England Journal of Medicine ta haura 90 kaɗan. Wadda ta fi kowace mujalla a duniya, a kowane fanni, ta ciwon daji ce, sunanta CA, ta ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka. Lambarta 508.702. Tsaya mu ga daga ina wannan ya fito, don darasi ne mai muhimmanci.

Mujallar tana buga maƙaloli kaɗan a shekara, don haka abin da ake rabawa da shi ƙarami ne. Cikin kaɗan ɗin akwai maƙalun ƙididdiga: ta Amurka da ke fitowa duk shekara, da ta duniya baki ɗaya wadda cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ke haɗawa. Ta 2018 ta ƙiyasta sababbin kamuwa miliyan 18.1 da mace-mace miliyan 9.6 a shekarar. To, ka buɗe maƙalun ciwon daji guda goma da ka ga dama, ka karanta jimlar farko ta kowacce. Da yawa za su fara da cewa ciwon daji na cikin manyan masu kashe mutane a duniya, sai ɗan ƙaramin 1 a saman layi. Ka bi 1 ɗin zuwa ƙarshen maƙalar, za ka tarar da ƙididdigar nan. Marubucin na iya kasancewa yana nazarin wani sinadari ne a jikin ɓera, amma sai ya fara bi ta ƙofar miliyan 9.6. Hanyar ke nan: mutum ya rasu a wani gari, ma'aikacin rajistar ciwon daji ya rubuta, irin rajistar da Ibadan ke da ita tun 1960, Liyon ta haɗa da na sauran ƙasashe ta ƙiyasta wuraren da ba a rubutawa, adadin ya zama jimlar farko, jimlar farko ta zama ambato, ambato ya zama 508.702. Ta nan kaɗai matattu suke shiga lissafin.

Na ga bakinka yana motsi. Kana so ka tambaya ko ana duba gaskiyar abin da maƙalar ta faɗa. Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma ita ce lissafin ba shi da gurbin wannan. Sai dai wasu sun duba daban.

A 2012 Glenn Begley, wanda ya shugabanci binciken ciwon daji a kamfanin magunguna na Amgen, da Lee Ellis na cibiyar MD Anderson, suka ba da rahoto a Nature. Masanan kamfanin sun ɗauki maƙala 53 da ake ganin sun kafa tarihi, suka yi ƙoƙarin maimaita gwaje-gwajen kafin a zuba kuɗi a haɗa magani a kansu. Shida suka tabbata. A teburin da suka buga, maƙalun da suka ƙi maimaituwa sun fi waɗanda suka tabbata yawan ambato a matsakaici. Bayan haka wata tawaga ta shafe shekara takwas tana irin wannan aiki a bainar jama'a, ta fitar da sakamako a mujallar eLife a 2021. Sun shirya maimaita gwaji 193 daga maƙala 53 masu tashe. Cikin 193 ɗin babu ko ɗaya da aka bayyana yadda aka yi shi dalla-dalla har a iya maimaitawa ba tare da an tuntuɓi marubutan ba, kuma a kusan kashi ɗaya cikin uku na gwaje-gwajen, marubutan ba su taimaka ba ko ba su amsa ba. Gwaji 50 daga maƙala 23 aka iya kammalawa. Ƙarfin sakamakon da aka samu, a tsaka-tsaki, ya gaza na asali da kashi 85 cikin ɗari. Babu ambaton da aka cire wa kowa.

Wani lokacin matsalar tana cikin kwalbar. Akwai wani jinsin ƙwayoyi da ake kira MDA-MB-435, wanda aka yi shekaru ana amfani da shi a matsayin misalin sankarar mama mai yaɗuwa, aka buga ɗaruruwan maƙaloli a kansa. Binciken gado ya nuna daga baya cewa ƙwayoyin sankarar fata ne, waɗanda aka samo daga jikin wani namiji. A 2017 wasu masana biyu daga Holan suka ƙirga maƙala 32,755 da aka yi da ƙwayoyin da aka yi wa kuskuren suna, suka kuma ƙiyasta cewa wasu maƙalu kusan rabin miliyan sun ambace su. Ka tuna ƙa'ida ta farko, ka sa kowanne a matsayin ɗaya.

A nan zan ɗan daɗe, don akwai mutane a gadon asibiti a cikin labarin. A 2006 wata tawaga a Jami'ar Duke, ƙarƙashin Anil Potti da Joseph Nevins, ta buga maƙala a Nature Medicine tana cewa ta hanyar duba yadda ƙwayoyin gado ke aiki a cikin ƙari, za a iya sanin wane maganin kemo zai yi wa majiyyaci aiki. Abin da kowane likitan ciwon daji ke fata ke nan, don maganin yana da wahala a jiki, ba a so a ba mutum wanda ba zai amfane shi ba. Likitocin MD Anderson da ke Hustan suka so su yi amfani da hanyar, suka ba wa masanan ƙididdiga biyu, Keith Baggerly da Kevin Coombes, su duba. Su biyun suka zauna da teburan lambobin. Suka gano jerin sunayen ƙwayoyin gado ya zame da layi ɗaya, kowane suna yana gaban lambar maƙwabcinsa. A wasu wuraren kuma an musanya alamar "yana jin magani" da ta "ba ya jin magani". Ka yi tunanin abin da wannan ke nufi ga wanda za a zaɓa wa magani. An kuma fara gwaji a kan majiyyata, waɗanda yawansu ya haura ɗari. Cikakken bayanin kurakuran ya fito a 2009 a wata mujallar ƙididdiga, wadda lambar tasirinta ba ta kama ƙafar Nature Medicine ba, likitoci kuma ba su cika karanta ta ba. Aka dakatar da gwajin, aka yi bincike na cikin gida, aka ci gaba. Sai a watan Yulin 2010, da wata jaridar harkokin ciwon daji ta bayyana cewa Potti ya yi iƙirarin wata lambar yabo ta karatu da bai samu ba a takardunsa, aka sake dakatarwa, daga baya aka rufe. An janye maƙalar a farkon 2011, hukumar ladabtar da masu bincike ta Amurka kuma ta tabbatar da maguɗi a 2015. Maƙalar da aka janye tana zama a rumbu da tambarin janyewa, ambatonta na baya yana nan, kuma sau da yawa sababbi suna ci gaba da zuwa daga waɗanda ke kwafar jerin wasu.

Darasi na gaba gajere ne: ko dole ne mai lambar ya kasance akwai shi. A 2010 Cyril Labbé, masanin kwamfuta a Girenobul ta Faransa, ya sa wata manhaja ta rubuta maƙala sama da ɗari marasa ma'ana da sunan wani Ike Antkare, wanda ba a taɓa haifa ba, kowacce tana ambaton sauran. Google Scholar ta karanta, ta ƙirga, lambar h ta Antkare ta kai 94, sama da ta Einstein a lokacin. A 2024 wani ɗalibin digiri na uku a Amurka, Reese Richardson, ya maimaita abin da sunan muzurun kakarsa, Larry. Maƙala 12 da sunan muzurun, wasu 12 suna ambatonsu. Google Scholar ta ba shi ambato 132 da lambar h 11, kafin ta goge shafin bayan kusan mako guda. Hirsch ya rubuta a maƙalarsa ta 2005 cewa a fannin fizis, lambar h wajen 12 ita ce aka saba gani ga wanda ake tabbatar wa kujerar dindindin a babbar jami'a. Saura wa Larry ɗaya ke nan.

Waɗannan biyun sun yi ne don su nuna ɓaraka. Akwai masu yi don kuɗi, kamfanoni da ke ƙera maƙala su sayar da gurbin suna, kuma fannin ciwon daji na cikin inda suka fi shiga, don tsarin maƙalar yana da sauƙin kwaikwayo: a zaɓi ƙwayar gado ɗaya, a zaɓi sankara ɗaya, a ce an danne ta ƙari ya daina girma, gobe a canza sunaye biyun. Jennifer Byrne, mai binciken ciwon daji a Sidni ta Ostireliya, ta fara gano irinsu ne da ta ga maƙaloli masu kama da juna a kan wata ƙwayar gado da ita ta fara bayyanawa. A 2017 mujallar Tumor Biology ta janye maƙala 107 a tashi ɗaya saboda an yi maguɗi a tantancewar. Masana sun san duk wannan. A 2012 wasunsu sun taru a San Faransisko suka tsara sanarwar da ke kira a daina auna mutum da lambar tasirin mujalla, dubban mutane da cibiyoyi sun sa hannu. Ka duba fom ɗin ƙarin girma na jami'ar da ta fi kusa da kai, ka ga ko ya ji.

Saura abu ɗaya, shi ne lokaci. Lambar tasiri shekara biyu take dubawa. Ka ajiye wannan biyun a gefe, mu ɗauko wasu kwanan wata.

A 1911 Peyton Rous, a cibiyar Rockefeller da ke Niyok, ya nuna cewa ruwan da aka tace daga ƙarin wata kaza yana sa wa lafiyayyar kaza ƙari, wato akwai ƙwayar bairas mai haddasa sankara. Masana suka ce wannan matsalar kaji ce. Shi ma ya bar batun na tsawon shekaru. An ba shi kyautar Nobel a 1966, yana da shekara 87. Tazarar shekara 55.

A 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka ga wani guntun ƙunshin gado da bai kai tsawonsa ba a jinin masu wata sankarar jini, suka ba da rahoto a 'yan layuka. A 1973 Janet Rowley ta Jami'ar Shikago, wadda ke yanka hotunan ƙunshin gado tana jerawa a teburin cin abincin gidanta, ta gano cewa ƙunshi na 9 da na 22 ne suka yi musayar yanki. Maganin da aka gina a kan wannan, imatinib, ya samu izini a 2001, ya mayar da cutar da ke kashewa cikin 'yan shekaru ta zama wadda mutane da yawa ke rayuwa da ita suna shan ƙwaya kullum. Shekara 41.

Denis Burkitt likitan tiyata ne a asibitin Mulago da ke Kampala. A 1957 ya ga yaro da kumburi a muƙamuƙi, ba da jimawa ba ya ga wani, sai ya shiga tonon takardun asibiti. A 1958 ya buga bayanin yara 38 a wata mujallar tiyata ta Ingila, kusan babu wanda ya kula. Ya aika wa asibitoci takardun tambaya, ya hau tsohuwar mota da abokansa biyu suka zaga gabashi da kudancin Afirka, tafiyar mil kusan dubu goma, suna zana taswirar inda cutar take, suka ga tana bin wurare masu zafi da ruwan sama. A 1961 ya yi lacca a wani asibiti a Landan, Anthony Epstein yana cikin masu sauraro. A 1964 Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano bairas a ƙwayoyin ƙarin, na farko da aka danganta da sankarar ɗan Adam. Aka kuma ga cewa ƙarin yana narkewa da magani cikin sauri, aikin da Victor Ngu, ɗan Kamaru, ya yi fice a kansa a Ibadan, har ya samu kyautar Lasker tare da Burkitt da wasu a 1972. Idan ka auna maƙalar 1958 da ma'aunin shekara biyu, za ka ba kwamiti shawara kada ya ƙara wa marubucinta girma, kuma lissafinka zai zama daidai.

Na ƙarshe, Harald zur Hausen na Jamus. Tun shekarun 1970 yake cewa bairas ɗin HPV ne ke kawo sankarar bakin mahaifa, lokacin da hankalin yawancin masana ke kan wani bairas daban. Tawagarsa ta ware nau'i na 16 a 1983, na 18 a 1984, su biyun ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na wannan sankara. Rigakafin ya samu izini a 2006, shi kuma ya samu Nobel a 2008. Nijeriya ta shigar da rigakafin cikin tsarinta a watan Oktoban 2023, ta fara da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, a ƙasar da aka ƙiyasta cutar ta kama mata 12,000 ta kashe 8,000 a 2020. Daga 1983 zuwa 2023, shekara 40.

Ka iya lissafin yanzu, malam, za ka iya zama a kowane kwamiti ka jera masana daga babba zuwa ƙarami cikin rabin awa. Idan ka tashi daga zaman, kuma kana da 'ya ko ƙanwa da ta kai shekara tara, ka tambayi asibitin sha-ka-tafi na unguwarku ranar da suke yin allurar HPV, ka kai ta. Allura ɗaya ce, kuma kyauta ake yi.